Tambayar da Inna Ta Yi Kafin Ta Hau Jirgi

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu sai an tuna mini, wasu ma ko an tuna mini sai na yi musu. Amma makonni ukun nan da mahaifiyata ta ɗaure kayanta na zuwa Makka, ta kwance su, ta zauna a kansu, saboda wani jirgin sama da ya faɗi a wata ƙasa da ba ta taɓa takawa ba, ba na jin zan manta da su har in koma ga Allah.

A lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, shekarata ta uku da kama aiki, an tura ni wani ƙauye a yankin Kelle. Da an ba da hutu sai in tattara in dawo gida Gure. In faɗi gaskiya, a shekarun nan ina ji da kaina. Ni ne wanda karatun bokonsa ya fi nisa a gidanmu, duk takardar Faransanci da ta shigo unguwa ni ake kawo wa, manya da yara suna ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ni kuma ina amsawa da ƙasaita. Ina da wata ɗabi'a da ban gane ta ba sai daga baya: ba a taɓa yi mini tambaya na rasa amsa ba. Ba wai na san komai ba ne. Bakina ne kawai ya fi kaina sauri.

Inna kuwa ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Ƴar kasuwa ce, dabino da kanwa take sarowa daga Gidigir tun kafin a haife ni. Rabin rayuwarta a saman kamiyo, babbar motar kaya, ta yi shi, bisa buhuna, rana na dukanta. Kuma tana da dokarta da duk direbobin hanyar suka sani: ba ta hawa mota sai ta kewaye ta, ta duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta dubi yawan lodi, sannan ta je ta gaida direba. Gaisuwar nan ba ta zumunci ba ce, idonsa take so ta gani, ta san ko ya yi barci. In abin bai kwanta mata ba sai ta sauke kayanta ta jira ta gaba, ko da za ta wuni a tasha. A bayan idonta direbobi jandarma suke ce mata. Ta sani, kuma ba ta ƙi sunan ba.

A shekarar ne yayana, wanda ke aiki a Agadas, ya biya mata kujerar Makka. Komai ya kammala. An yi fasfo, an yi allura, an ɗinka fararen kaya. Ta daka yajinta, ta ƙulla busasshiyar kuɓewa, don an gaya mata abincin can ba ya da gishirin kirki. Jakar tana jingine a ƙuryar ɗaki a ɗaure tamau, mata na ta shigowa sallama, kowace da saƙon addu'ar da take so a kai mata gaban Ka'aba.

Wata rana da hantsi muna zaune a tsakar gida, tana tsince dabino a faifai, ni ina gyara kayeyen ɗalibai, wato littattafan rubutunsu, da na taho da su, sai radiyo ta ba da labari. Wani jirgin fasinja ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, a wata ƙasa mai nisa da mu, kuma ba wanda ya fita da rai. Maza da mata da yara, mutanen ƙasashe daban-daban. Inna ta ajiye faifan ta yi salati, ta yi musu addu'a. Sannan ta juyo gare ni.

"Mushe, me ya kayar da shi?"

Da ina da hankalin da nake da shi yau, da na ce mata mu jira mu ji. Amma ban ko ɗaga kai daga kayen da ke hannuna ba na ce, "Hadari ne, Inna. Iska ce mai ƙarfi a sama. Haka take yi musu."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsintar dabinonta.

Da la'asar radiyo ta sake kawo labarin, har da muryar wani manomi da abin ya faru kusa da gonarsa. Mutumin ya ce gari garau yake a safiyar, ko gajimare babu. Inna ba ta dube ni ba, ta dai ce wa faifanta, "Mushe, hadarinka ya washe."

Kashegari na tashi na tarar ta jawo jakar tsakiyar ɗaki ta kwance igiyar. Ba ta fitar da komai ba, ta dai kwance. Na tambaye ta ko lafiya.

Ta ce, "Lafiya lau. Ba zan hau ba sai an gaya mini abin da ya kayar da wancan."

Na fara yi mata wa'azin ajali, ni da ban kai ta yawan sallar nafila ba. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Kada ka koya mini mutuwa, na binne uwa da uba da miji da ƴaƴa biyu. In kwana ya ƙare ko a kan tabarmar nan sai a tafi. Ba tsoro nake ji ba, tambaya nake yi. In mota ta faɗi a hanyar Gidigir, kafin rana ta faɗi kowa ya san ko taya ce, ko birki, ko lodi, ko direba ne ya yi gyangyaɗi. Da haka nake sanin wadda zan hau gobe. Wannan ma abin hawa ne, mutum ya ƙera shi, mutum ke tuƙa shi. A gaya mini."

Da yayana ya ji labari sai ga wayarsa. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce, "Kai ne mai karatu, kuma kai ne kusa da ita. Saura kwana ashirin su tashi. Ka yi mata bayani ta gamsu." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan ƙaramin aiki ne. Har yau in muka haɗu yakan tambaye ni labarin ƙaramin aikin.

Muna da fada a ƙofar garajin Kawu, ƙanen Inna, bakanike ne da ya tsufa a ƙarƙashin motoci. Kullum bayan la'asar nan ake haɗuwa a inuwar dogon-yaro, a ɗora shayi, a gyara duniya. A makon nan ba a yi wata hira ba sai ta jirgi. Abin da zai ba ka dariya, duk cikinmu ba wanda ya taɓa shiga jirgin sama. Mafi kusa da shi a cikinmu wani tela ne da ya taɓa raka surukinsa filin jirgin Damagaram, ya hango shi ta bayan waya. Amma ka zo ka ji bincike.

Kawu ya ce ba wata tantama, ruwa aka zuba a mai. Ya ce shi da jin yadda aka ce jirgin ya yi sama ya yi ƙasa kafin ya faɗi, ya san ciwon, don haka mota take yi in ta sha gurɓataccen esansi, wato fetur. Har tashi ya yi ya gwada mana da jikinsa, yana tafiya yana tuntuɓe. Tela ya ce lodi ne, ai ya ga irin kayan da mutane ke jibgawa. Wani ya ce harbo shi aka yi ana ɓoyewa. Wani kuma ya rage murya ya ce akwai wuraren da ba a ratsawa ta samansu da safe, masu wurin ba sa so. Ni ina zaune a tsakiya ina raba gardama, ina gyara wa kowa kuskurensa, ina jefa kalmomin Faransanci inda na ga hujjata ta yi rauni.

Kawu ya ce in bar masa yayarsa, shi zai shawo kanta. Ya zo gida da magariba ya zauna ya zayyana mata zancen ruwa a mai, tun daga tanki har inji. Ta saurare shi har ƙarshe.

Ta ce, "Ka ga man da idonka?"

Ya ce, "Yaya, ai ba sai na gani ba. Shekara nawa ina wannan aiki?"

Ta ce, "Shekarun ne suka sa na tambaya. Ba kai ne ka gyara motar da ta kwana biyu da mu a hanyar Gamu ba? Ita ma ka ce mai ne. Da aka buɗe, ɓera ne ya ci waya."

Kawu ya ce wannan daban, wannan daban. Ya sha ruwa ya yi sallama. A zaure ya ce mini, "Uwarka tun muna yara haka take. Ka yi ta kanka."

Bayan kwana biyu radiyo ta ce an tsinci baƙin akwatin jirgin. Na zo da murnata na yi wa Inna bayani cewa wani akwati ne da ke naɗe duk maganar matuƙa da duk motsin inji, da an buɗe shi magana ta ƙare. Na nuna mata hotonsa a wayata. Ta karɓa ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi.

"Wannan ne baƙin?"

Na ce shi ne.

"Wannan ai ruwan goro ne."

Na ce haka dai ake kiransa.

Ta miƙo mini wayar ta ce, "To. Allah ya sa abin da ke cikinsa ya fi sunansa gaskiya. Yaushe za a buɗe?"

Na ce gobe ko jibi. Wannan ma daga kaina na ciro shi. Gobe ta zo, jibi ta wuce, aka shiga mako na biyu, ba abin da aka ji sai cewa an tafi da akwatin wata ƙasa. Kullum da safe in na gaishe ta sai ta amsa, ta ƙara da, "An buɗe?"

Ana nan sai wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyi. Wani mutum ne da ba wanda ya san ko wane ne, mai murya irin ta manya, yana rantsuwa cewa yana da labari daga ciki: laifin matuƙi ne, yaro ne sabon hannu, ya rikice ya danna abin da bai kamata ba. Maganar ta yi mini daɗi, don ta zo da abin da nake nema, wato amsa guda mai sauƙin faɗi. Na ɗauke ta na yi mata kwalliya. Da la'asar na baje ta a fada da babbar murya, har da cewa irin waɗannan matuƙan ba a gama koya musu ba ake sakar musu rayukan mutane. Kowa ya gyaɗa kai. Kawu ma ya ce zai iya yarda, in dai an haɗa da zancen mai.

A ƙarshen bencin ranar akwai wani dattijo da ya kawo babur ɗinsa gyara. Baƙo ne a garin, daga yamma aka turo shi, shi ke kula da tashar meteyo, inda ake auna ruwan sama da iska. Mutanen gari suna yi masa dariya a ɓoye, don in manomi ya tare shi ya ce, "Malam, yaushe ruwa?" sai ya ce bai sani ba tukuna. Ana cewa gwamnati na biyan mutum albashi don ya ce bai sani ba. Yana zaune yana jina har na gama. Da aka gama masa gyara ya yi mana sallama ya tafi, ni kuma na ɗauka shirunsa yarda ce.

Na isa gida na ce, "Inna, an gano. Laifin matuƙi ne."

Ta ce, "Akwatin ne ya faɗa?"

Na ce ba shi ba ne, amma majiya ce mai ƙarfi.

"Shi matuƙin ya fita?"

"A'a, ai ba wanda ya fita."

"To shi ma yana ciki ke nan. Da ransa a ciki. Uwarsa tana da rai?"

Na ce ina zan sani.

Ta ce, "Ka ga wannan ka ce ba ka sani ba, kuma bakinka bai karye ba. Mutum ya mutu, ba ya nan balle ya ce ƙarya ne, kai kana zaune a Gure kana shan shayi ka ɗora masa gawar mutane cikin jirgi. In uwarsa na raye, da wane kunne za ta ji wannan?"

Daga nan ta juya harshe zuwa Barbarci, wanda a gidanmu alama ce ta cewa magana ta wuce wasa. Amma ko a lokacin, in gaya muku gaskiya, ban ji na yi laifi ba. Haushi kawai nake ji an ƙi karɓar amsata, ga kwanaki na tafiya, ga yayana na kira safe da yamma.

Saura kwana shida tafiya, da safe ta yafa mayafinta ta ce in taso in raka ta. Ashe a wurin wani suna ta haɗu da matar dattijon nan na meteyo, ta ji cewa kafin a kawo shi Gure ya yi shekaru yana aiki a filin jirgin Yamai, shi ke ba matuƙa labarin iska kafin su tashi. Inna ta ce, "Ga wanda ya ga jirgi da idonsa a garin nan, kun bar shi kuna tambayar tela."

Muka same shi a wurin aikinsa, wani fili da aka kewaye da waya, da ƴan na'urori a tsaitsaye da wani farin akwati mai ƙafafu. Ya fito mana da kujeru inuwa. Bayan gaisuwa Inna ba ta yi kwana-kwana ba.

"Malam, Makka za ni, saura kwana shida. Jirgin nan da ya faɗi, me ya kayar da shi?"

Ya ce, "Hajiya, ban sani ba."

Na ji wani daɗi ya ratsa ni, na ce a raina ga shi nan, mun sha rana a banza. Amma da na dubi Inna sai na ga ta gyara zama, irin zaman da take yi in ta samu dabino mai kyau a kasuwa.

Ta ce, "Hajiyar tukuna, sai na je na dawo. Wa ya sani?"

Ya ce, "Yau dai ba kowa. Masu binciken ma ba su sani ba, shi ya sa suke bincike." Sai ya yi mata bayani a hankali, da Hausarsa ta mutanen yamma. Ya ce za a tsince tarkacen nan ɗaya bayan ɗaya, a saurari abin da akwatin ya naɗa, a duba takardun duk wanda ya taɓa ɗaura wa jirgin ƙusa, a tambayi wanda ya zuba mai da wanda ya auna kaya da wanda ya ba da labarin iska. Ya ce abin yakan ɗauki shekara, wani lokaci fiye. Kuma a iya saninsa, da wuya a tarar abu guda ne. Yawanci ƙananan abubuwa ne suke haɗuwa a rana ɗaya, wanda da ɗaya daga cikinsu bai faru ba, da an sauka lafiya ba wanda ya ji labari.

Inna ta ce, "Kamar tsohuwar taya, ga lodi, ga rami, ga direba bai yi barci ba."

Ya ce, "Kin fi ni iya faɗa."

Ni da ba a tambaye ni ba na sa baki. Na ce, "Amma Baba, ai ana cewa matuƙin sabon hannu ne."

Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba. Ya ce, "Na ji ka faɗa ranar nan a garaji, Mushe. Mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba haka ba ne." Ya sunkuyar da kai yana murza hular da ke gwiwarsa. "Akwai abokina a jirgin nan. Ɗaki ɗaya muka zauna da shi shekara uku muna koyon wannan aiki. Taro za shi. Matarsa takan kira ni ta ce, kai da ka san jirgi, gaya mini me ya faru. Ba wanda ya kai ni son ya ba ta amsa. Amma in na ba ta ta ƙarya, da ita za ta zauna har ta mutu, da ita za ta rene ƴaƴansa. Gara in ce mata mu jira."

Ban san inda zan sa idona ba. Mutumin nan ya zauna a ƙarshen benci, da makokinsa a ciki, yana jin muna wasa da mutuwar abokinsa kamar muna gardamar ƙwallo, Kawu na tuntuɓe, ni ina yanke hukunci. Inna ta yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, doguwa, ta tambayi yawan ƴaƴan mamacin, ta yi musu addu'a. Ta zungure ni da gwiwar hannu, ni ma na yi tawa da muryar da ban san ina da ita ba, ƴar ƙarama.

Da za mu tashi ta ce, "Ke nan ba zan ji dalili ba kafin in tafi."

Ya ce, "Ba za ki ji ba."

"In kai ne, za ka hau?"

Ya ce, "Zan hau. Na ga yadda ake duba su kafin su tashi, na san mutanen da ke wannan aiki, ba sa wasa. Kuma duk wanda ya faɗi, ba a barinsa sai an koyi wani abu daga gare shi. Amma alkawari ba zan yi miki ba, wannan na Allah ne."

Ta ce, "Ya isa."

Muka kamo hanya har muka kusa gida. Sannan ta ce, "Mako biyu ina tambaya, sai yau na samu wanda ya san jirgi." Na ce, "Inna, ai cewa ya yi bai sani ba." Ta ce, "Shi ya sa." Tana shiga ɗaki ta jawo igiya ta ɗaure jakarta, ta ce in kira yayana in ce masa ya daina damun mutane da waya.

Ta tafi, ta sauke farali, ta dawo lafiya da haƙorin Makka da butar zamzam. Wata maƙwabciyarmu da suka tafi tare ta ba mu labari cewa a filin jirgi sai da Inna ta fita daga layi za ta kewaya ta duba tayoyi, wani ma'aikaci ya maido ta da ladabi. Ta dai samu ta leƙa na gefen da suke hawa, ta ce ba laifi, suna da sauran rai. A bakin ƙofa kuma ta tambayi ma'aikaciyar jirgin ina direba, tana so su gaisa. Ba a kai ta ba. Da muka tambaye ta yadda tafiyar ta kasance, sai ta ce hanyar ta fi ta Gidigir kyau nesa ba kusa ba, sanyi ne kawai ya yi yawa, kuma ba a tsayawa sallah.

Kusan shekara biyu bayan haka, na zo hutu, sai ga dattijon nan a ƙofar gidanmu da wasu takardu a hannu. Rahoton binciken ne ya fito, ya ce ya ga ya kamata Hajiya ta ji, tunda ita ta tambaya. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka aika aka kira Kawu. Ya ba ni takardun ya ce in karanta in fassara, inda na kakare ya taimake ni. Na kakare sau da yawa.

Ba hadari ba ne. Ba ruwa a mai ba ne, ba lodi ba, ba harbi ba. Wata ƴar na'ura ce ta lalace ta riƙa ba jirgin labarin da ba haka yake ba, ga wasu kurakurai da suka taru tun kafin ranar, a wurare daban-daban, a hannun mutane daban-daban. Matuƙan kuwa, abin da aka naɗa ya nuna sun yi ta kokawa da jirgin har ƙarshe. Dattijon ya ce ko yanzu masana ba su gama daidaitawa a kan wane kuskure ya fi wane nauyi ba, amma abin da aka tabbatar ke nan, kuma shi ya karanta wa matar abokinsa.

Kawu ya yi gyaran murya ya ce ai dama shi tun farko ya ce matsalar daga cikin jirgin take. Inna ta dube shi kawai, ya ce bari ya koma garaji ya bar aiki.

Bayan baƙon ya tafi ta kira ni ɗaki. Ta ce, "Ka ji, da bakinka ka karanta. Matuƙin nan, bawan Allah, yana can yana fama ya ceci mutane, kai kana nan kana cin namansa. Ba ka da inda za ka same shi ka roƙi gafara. Gobe Juma'a, ka sayi abin sadaka ka kai masallaci da niyyarsa. Sannan ka je fadar taku, inda ka faɗi waccan, ka faɗi wannan, da irin muryar da ka faɗi ta farko."

Na yi duka biyun. Sadakar ba ta yi mini wuya ba. Tsayuwa a gaban mutanen da suka saba ji daga bakina, in ce musu na yi wa mamaci ƙazafi a kan abin da ban sani ba, wannan ne ya fi kowace jarrabawa da na taɓa zaunawa nauyi. Ba wanda ya yi dariya. Tela ne ma ya ce, a hankali, shi ma zancen lodin nan cewa kawai ya yi.

Yanzu Inna ta rasu, dattijon ma an daɗe da mayar da shi garinsu, ni kuma furfura ta fara kama ni a cikin aji. Har yanzu in wani abu ya faru, jirgi ne ko mota ko mutuwar farat ɗaya, kafin a ɗauke gawa za ka ji an gama shari'a a wayoyi da bakin shaguna, an samu mai laifi, an rataye shi. Nakan ji amsa ta taso mini har maƙogwaro, don halin bai mutu ba, sai in haɗiye ta. Abin da na koya a makonnin nan shi ne, tambaya hakkin kowa ce, kuma wanda ya rasa nasa ya fi kowa cancantar a ba shi amsa. Amma amsar gaggawa ba kyauta ba ce, kullum akwai wanda ake ɗora wa nauyinta, kuma sau da yawa wanda ba ya da bakin kare kansa ne. In ban sani ba, yanzu nakan ce ban sani ba, mu jira. Na yi shekaru ina faɗin haka a gaban ɗalibai da iyayensu, kuma har yau ba wanda ya fasa ce mini Mushe.